Birkin da ke taka kansa a Camry 2018: yana aiki, amma a duba idonsa kafin a biya kuɗi

Jama'a duk mai shirin sayen Camry ƙirar 2018 zuwa sama, ko Corolla 2017 zuwa sama irin waɗanda ake shigo mana da su daga Amurka, akwai wani abu a jikin motar da dillalai ba su cika maganarsa ba, su dai su nuna maka kujerar fata da allon gaba da sanyin esi, alhali ni a wajena wannan abun ya fi su duka. Shine tsarin nan da Toyota ke kira PCS, wanda in motar ta hango za ka daki ta gabanka ko za ka buge mutum sai ta yi maka ƙara, in ba ka yi komai ba ta taka birki da kanta. Camry 2018 nake hawa, kuma na zauna na bi littafin motar shafi shafi a kan wannan ɓangaren, shi ya sa nake so in faɗi abun da na gani, mai kyau da wanda ya kamata a sani kafin a saki jiki.

Ra'ayina tun daga farko: abu ne mai kyau ƙwarai, kuma in da hali kar ka sayi motar da aka kashe mata shi. Amma da yawan motocin da ke yawo a Kano da Kaduna da Abuja suna da shi a suna ne kawai, ya riga ya makance tun kafin motar ta baro tashar jirgin ruwa, ko kuma an makantar da shi a gareji, mai motar kuma bai sani ba.

Yadda yake aiki ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Ido biyu gare shi. Na farko na'urar rada ce da ke ɓoye a bayan tambarin Toyota na gaba, tana aika igiyar rediyo ta daki abun da ke gaba ta dawo, da haka take auna nisa da kuma saurin da kake kusantar abun. Na biyu kyamara ce da ke manne a saman gilashin gaba, bayan madubin tsakiya, cikin wani ɗan akwatin roba, ita ce ke gane siffa, wannan mota ce, wannan mutum ne. Kwamfutar motar ke haɗa bayanin su biyun ta yanke hukunci. In ta ga akwai yiwuwar karo sai ta fara da ƙara mai sauri tare da rubuta BRAKE a allon da ke tsakanin mitoci. In ka taka birki amma ba da ƙarfi ba sai ta ƙara maka ƙarfin takun. In ba ka taka ba sam kuma ta ga karon ya zo daf, toh a nan ne take takawa da kanta. Duk wannan cikin ɗan lokaci kaɗan ne, kafin ka gama tunanin me ke faruwa an wuce wajen.

Ni na ga aikinsa a cikin gosulo a titin Zariya. Ana tafiya a hankali, wani mai Adaidaita ya yanko gaban motar da ke gabana, mutumin ya danna birki lokaci guda, ni kuma idona na kan madubin gefe saboda ɗan acaɓan da ke neman kutsowa ta dama. Ƙarar ce ta fara dawo da ni, ƙafata na kan hanyar zuwa birki na ji motar ta riga ta kame, har da wannan gurnanin da ABS ke yi, wato tsarin da ke hana taya kullewa in an danna birki da ƙarfi. Ba mu taɓa juna ba. Da an taɓa, kun san yadda take kasancewa, a fito a tsakiyar titi ana musu, a tara mutane, ga bamba ga fitila ga tambari, kuma kayan gaban motar nan ba araha gare su ba. Tun ranar ban ƙara kallon abun a matsayin kwalliya ba.

Sai dai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, in ya tsayar da motar ba ya ci gaba da riƙe ta. Bayan kamar daƙiƙa 2 zai saki birkin, motar kuma otomatik ce tana kan giya, za ta ci gaba da gangarawa. Dole ƙafarka ta karɓa. Dan Allah a riƙe wannan, domin mutum na iya ruɗewa bayan motar ta tsaya ya sa hannu a ka yana salati, sai ta je ta daki abun da ta kauce wa.

Ba ni kaɗai nake yabonsa ba. Cibiyar IIHS ta Amurka, wadda kamfanonin inshora ke ɗaukar nauyinta, ta bi bayanan haɗurran da 'yan sanda suka rubuta ta gano cewa motocin da ke da gargaɗi haɗe da birki mai taka kansa sun rage dukan mota ta baya da kusan kashi 50 cikin 100, waɗanda ake jin rauni a ciki kuma sun ragu da kashi 56. Rabi fa kenan. Shi ya sa a watan Maris na 2016 kamfanonin mota 20 suka yi alkawari da hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, cewa zuwa Satumbar 2022 kusan duk sabuwar motar da za su sayar a can za ta zo da shi, Toyota kuma ta riga lokacin, shine dalilin da ya sa ko ƙaramar Camry samfurin LE ta 2018 tana da shi ba sai manyan samfura XLE ko XSE ba. Abun ma ya daɗe, Honda ta fito da nata tun 2003 a Japan, Volvo ta kawo nata mai suna City Safety a motarta XC60 a 2008, mu ne dai sai yanzu yake iso mana saboda motocin da muke iya saye sun kai shekarun da aka fara saka shi a kowace mota.

Toh yanzu ga inda ya kamata a yi hattara, kuma nan ne zan fi daɗewa.

Kamfanin da kansa ya faɗi iyakarsa. A irin na Camry 2018, wanda suke kira TSS-P, birkin yana aiki ne daga gudun kilomita 10 zuwa 180 a awa in mota ce a gabanka, in kuma mutum ne daga 10 zuwa 80. Kuma ba cewa suka yi zai tsayar da kai a kowane gudu ba, cewa suka yi yana iya rage gudun da kimanin kilomita 40 in mota ce, kimanin 30 in mutum ne. Ka yi lissafi da kanka. Kana kan hanyar Kaduna zuwa Abuja kana gudun 100, ka tarar da tirela ta lalace a tsakiyar titi an zuba ganye a bayanta, ko da na'urar ta gan ta ta yi iyakar ƙoƙarinta, za ka iya shiga ƙarƙashinta da gudun 60. Gaskiya 60 ta fi 100 sauƙi nesa ba kusa ba, tana iya zama bambancin asibiti da maƙabarta, amma ba tsira ba ce. Wanda yake zuba 140 yana cewa ai motata tana taka birki da kanta, wallahi bai fahimci abun da ya saya ba, kuma rayukan da ya ɗauko ne a kan layi.

Sannan akwai jerin abubuwan da littafin ya ce na'urar tana iya kasa ganewa, kuma duk wanda ya karanta jerin nan zai ga kamar titunanmu ake kwatantawa. Babur ko keke a gabanka, wannan ƙirar ba a yi ta don ta gane su da tabbas ba. Abun hawa mai siffar da ba a saba ba kamar tarakta. Motar da kayanta ya zarce bayanta, ka tuno masu ɗauko rodi da katako da kara. Motar da ta yanko gabanka ba zato, ko ta fito daga gefe. Ni Adaidaita Sahu ma ba na lissafa cewa zai gan ta, siririya ce, gajeriya ce, kuma ba ta tafiya a layi ɗaya. Shanu da awaki da jakuna kuwa ba a cikin aikinsa suke ba tun asali, mota da mutum aka koya masa.

Ɓangaren mutane shi ya fi taɓa ni. Kyamarar tana gane mutum ne ta siffar jiki, kai da kafaɗa da ƙafafu da yanayin tafiya. Littafin ya ce tana iya kasa gane wanda tsawonsa bai kai mita 1 ba, wato ƙananan yara, da wanda ya sa kaya masu faɗi da suka rufe siffar jikinsa, da wanda ya ɗauko babban kaya, da mai tura wani abu a gabansa, da mutanen da suka cunkushe waje guda, da wanda ya sa fararen kaya masu ƙyalli a cikin haske, da wanda ya sunkuya ko ya tsuguna. Toh ɗan uwa wa ya rage a titinmu? Babbar riga, dogon hijabi har ƙasa, yarinya da farantin talla a ka, mai ruwa da kurarsa, 'yan makarantar allo a gungu, jama'a an taso daga masallacin Juma'a cikin fararen shadda. Ba wai na ce ba zai taɓa ganinsu ba, yana iya gani, amma kar ka kuskura ka ɗora ran ɗan wani a kan yana iya. A unguwa, a bakin makaranta, a bakin kasuwa, ka tuƙa kamar babu na'urar.

Da dare kuma abun ya ƙara rauni. IIHS ɗin nan dai a 2022 ta fitar da cewa motocin da ke gane mutum sun rage buge masu tafiya a ƙasa da kashi 27 cikin 100 gaba ɗaya, amma a wajen da babu fitilar titi da dare ba ta ga wani bambanci ba tsakanin mai na'urar da marar ita. Mu kuwa yawancin hanyoyinmu haka suke da dare. Toyota ta inganta wannan a TSS 2.0 da ya zo a RAV4 ta 2019 da Corolla ta 2020, an ƙara masa gane mutum a ƙarancin haske da gane mai keke da rana, Camry kuma ta samu sabon tsari a 2021 wanda har yana lura da mahaɗar hanya in za ka karya kwana. In kuɗinka ya kai ka zaɓi tsakanin 2018 da 2021, wannan kaɗai dalili ne mai ƙarfi na ɗaukar ta 2021.

Akwai kuma ɗaya gefen, wato ya yi ƙara ko ya taɓa birki alhali babu haɗari. Littafin bai ɓoye ba, ya ce hakan na iya faruwa in za ka wuce mota kana matse da ita, ko akwai abu a bakin hanya daidai shiga kwana, ko farantin ƙarfe ko murfin kwalbati a kan titi, ko kana kusantar sandar shingen ƙofa da sauri. Yadda muke tuƙi a matse, kowa na cusa kai, dole zai fi yin magana a nan fiye da ƙasar da aka ƙera shi dominta. Kuma wannan ba matsalar kamfani ɗaya ba ce, a Fabrairun 2022 NHTSA ta buɗe bincike a kan Honda Accord 2018 zuwa 2019 da CR-V 2017 zuwa 2019, motoci kusan miliyan 1.7, saboda koke-koken cewa suna taka birki babu dalili. Maganin yawan ƙara a Camry ba kashe shi ba ne. Ka shiga saiti ta maɓallan da ke kan sitiyari, ka nemo PCS, akwai matakai uku na lokacin gargaɗi, na nesa da na tsakiya da na kusa. Ni na tsakiya nake bari. Wanda kullum cikin gari yake yana iya mayar da shi na kusa, ƙarar za ta ragu, birkin kuma yana nan daram. Ko ka kashe shi gaba ɗaya ma, da ka kashe mota ka sake tayarwa zai dawo da kansa, kuma ni na ga dacewar hakan.

Wani abu kuma, yana sauraron direba. In ka danna totur da ƙarfi ko ka murɗa sitiyari da sauri, yana ɗauka kana ƙoƙarin kauce wa ne, sai ya janye ya bar ka. Ba ya aiki in kana ribas. Kuma in ka kashe VSC, wato maɓallin nan mai hoton mota tana zamewa da wasu ke dannewa in sun shiga yashi ko laka, birkin ma ya tafi tare da shi har sai ka mayar.

Yanzu maganar kula da shi, wadda ita ce ainihin abun da ya sa na zauna rubutun nan.

Abu na farko tsafta, kuma kyauta ce. Tambarin gaba da saman gilashi daidai inda kyamarar take, a riƙa goge su da tsumma mai laushi. A lokacin hunturu ƙura na kwanciya a gilashi cikin yini guda, waifa kuma in robarta ta bushe sai ta bar zane daidai gaban kyamarar, a canza ta in ta mutu, a kuma riƙa zuba ruwa a tankinta. Hazo mai kauri da ruwan sama mai ƙarfi da guguwar yashi duk suna rage masa gani, haka ma in rana ta faɗo tana dukan gilashi kai tsaye da yamma, ko mai tahowa ya haske ka da babbar fitila. Da damina in gilashi ya yi gumi ta ciki sai ka kunna iska ta kan gilashi. Kar a fesa ruwan wanke gilashi a kan idon kyamarar, kar a sa yatsa, masu wankin mota a ja musu kunne a kan wannan. Sannan zafi: in motar ta wuni a rana a watan Afrilu, kana iya tayarwa ka ga saƙo cewa kyamarar gaba ba ta aiki na ɗan lokaci. Ba lalacewa ta yi ba, zafi ne ya yi mata yawa, ka kunna esi wajen ya huce saƙon zai ɗauke. Kar ka ruga gareji a kan wannan. In ya ƙi ɗaukewa bayan motar ta yi sanyi, toh wannan maganar daban ce.

Na biyu, kar a rufe masa ido da hannunmu. Sitikar ƙungiya, ta addu'a, ta shiga unguwa, duk a kai su can ƙasan gilashi ko gefe, ban da sama ta tsakiya. Baƙar leda da ake mannawa a saman gilashin gaba don kare rana, in ta bi ta gaban kyamara ta gama da ita. Ranar ɗaurin aure a ɗaura fulawa da ribon a kan tambari, lokacin siyasa a lulluɓe gaban mota da fasta, duk ranar motar ba ta gani. Masu Highlander da RAV4 da ke son ɗaura ƙarfen kariya a gaba su ma su sani in ya gitta ta gaban rada an yi asarar ta.

Na uku shine gyara, kuma nan ne ake yin ɓarna mafi yawa. Tambarin gaban motar nan ba irin na tsohuwar Camry ba ne. In ka shafa shi za ka ji shi sumul kamar gilashi, babu tudu babu rami, an yi shi ne da abun da igiyar rada za ta ratsa. Wani ɗan uwana an ɗan goge masa gaba, ya kai wajen wani mai gyaran jiki, mutumin ya cire fasasshen tambarin ya samo wani mai araha ya manna, ya daddaki ƙarfen da radar ke zaune a kai ya miƙe shi da ido, ya fesa fenti, motar ta fito tana sheƙi. Tun daga ranar fitilar PCS ta kama a dashbod. Da ya koma sai aka haɗa shi da wani mai rewaya, shi kuma shawarar da ya bayar ita ce a buɗe mita a rufe fitilar ta ciki tunda mota na tafiya lafiya. Abun ya ɓata min rai sosai, domin wannan fitilar ita kaɗai ce hanyar da motar za ta gaya maka cewa ta daina gani. Ba mugunta ce ta sa su ba, rashin sanin abun ne, aikin da suka iya suka yi, amma sakamakon ɗaya ne.

Radar nan in ta karkace ko kaɗan, a can nesa kuskuren ya zama babba, sai ta riƙa kallon layin kusa da kai maimakon naka, ko ta kalli ƙasa. Shi ya sa duk lokacin da aka cire ta, ko aka canza bamba ko ragar gaba, ko gaban ya sha duka mai ƙarfi, dole a sake saita ta. Haka in aka canza gilashin gaba dole a sake saita kyamara. Saitin nan ba da ido ake yi ba. Ana ajiye motar a daɓe mai daidai, a auna nisa daga gabanta, a kafa allon alama na musamman a tsayin da aka ƙayyade, a jona kwamfuta mai manhajar Toyota da ake kira Techstream ko wata na'urar da ke iya aikin, sannan a koya wa motar inda tsakiya take. Kafin ka ba kowa aikin ka tambaye shi kai tsaye, kana da allon saiti? A ina za ka ajiye motar? In ya ce ai goge lambar matsala kawai za a yi fitilar ta mutu, ka ɗauki motarka ka yi gaba. Masu yin aikin daidai suna nan amma ba su da yawa, sun fi yawa a Abuja da Legas, kuma kuɗinsu ya fi na gefen titi. Ni ina ganin ya cancanta.

Gilashin kansa ma a kula. Araha ba ta ado, gilashi marar kyau yana iya karkatar da hoto ta yadda idonka ba zai lura ba amma kyamara za ta ruɗe, wani kuma mazaunin kyamarar da ke jikinsa bai zauna daidai ba. In za ka nema a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo ka faɗa musu a fili cewa mai wajen kyamara kake so, ka duba da idonka kafin a ɗaura.

Sai abun da muke yi saboda ramuka da tudun rage gudu, wato ɗaga mota. Ana saka mata roba ko ƙarfe a kan shokozoba don kar cikinta ya riƙa gogar ƙasa, na san dalilin kuma ban raina shi ba, Camry ɗin nan tana da ƙasa sosai. Amma littafin ya hana taɓa tsayin motar, domin da gaba ya ɗagu ko ya sunkuya kusurwar da rada da kyamara ke kallo ta canza. Haka in ka cika but da buhunan hatsi za ka dawo daga ƙauye, baya ya zauna gaba ya kalli sama, ka sani a wannan tafiyar ganinsa ya ragu. Taya ma haka, a sa girman da aka rubuta a jikin ƙofar direba, iska daidai, kar a haɗa manya da ƙanana. In kana kan ƙaramar sifiya, ko ana jan motar, ko kai kake jan wata, ko an ɗaga ta a gareji inji na aiki tayoyi na juyawa, littafin ya ce a kashe shi tukuna.

Kuma kar a manta, duk wayon kwamfutar nan da birkin motarka za ta yi aiki. In fad ya cinye, man birki ya tsufa ya sha ruwa, taya ta zama sanƙo, toh ko ta hango haɗarin da wuri ba ta da abun da za ta tsaya da shi. Man birki DOT 3 aka rubuta wa motar, a saya a rufe, kar a karɓi na buɗaɗɗiyar gora. Fitilar ABS in ta kama a gyara da wuri domin tare suke aiki. In an cire kan batir an mayar, yana buƙatar a ɗan yi tafiya kafin ya dawo aiki, wannan ba matsala ba ce. Fitilun gaba su ma su kasance masu haske kuma a saite, da su kyamarar ke gani da dare.

Ga mai shirin saye kuwa, mu faɗa wa juna gaskiya, kaso mai yawa na motocin da ke zuwa mana daga Amurka daga gwanjon motocin haɗari aka sayo su, kuma dukan gaba ya fi yawa. Ana gyara su a can ko a nan a kawo filin sayarwa suna walƙiya, rada kuma tana da tsada, saboda haka wani lokacin ba a mayar da ita, sai a bar wayar tana lilo a bayan bamba. Ka ɗauki lambar VIN da ke ƙasan gilashi ta ɓangaren direba ka bincika a intanet, sau da yawa har hoton motar ranar da aka yi gwanjonta za ka gani. Ka shafa tambari ka ji ko sumul ne. Ka leƙa ta ragar gaba ko a buɗe bonet ka ga ko radar na nan da wayarta a jone. Ka kunna motar ka zuba ido a dashbod, fitilar PCS ya kamata ta kama tare da sauran sannan ta mutu bayan 'yan daƙiƙu, in ba ta kama ba sam akwai alamar an rufe ta, in ta kama ta zauna akwai matsala. Kuma ba kowace Camry 2018 ce ke da tsarin ba, ƙirar Amurka ce aka saka wa duka, wadda aka yi wa wata kasuwa daban sai ka duba ko akwai akwatin kyamara a bayan madubi.

Hanya mafi sauƙi ta gwada radar ba tare da ka jefa kowa a haɗari ba ita ce ka hau titi mai sarari ka kunna kurus mai bin mota, wato tsarin da ke riƙe maka gudu yana kiyaye tazara da ta gabanka, domin rada ɗaya suke amfani da ita. In motar ta nuna hoton ta gabanka a allo, ta rage gudu da kanta in waccan ta rage, ta ƙara in ta ƙara, toh radar na da rai. In ta ƙi kamawa ko ta rubuta cewa babu rada, ka san inda aka tsaya. Dan Allah kar wanda ya gwada ta hanyar nufar bango ko motar abokinsa ko ya sa yaro ya tsaya a gaba, na ga masu yin haka don ɗaukar bidiyo kuma ganganci ne, ba a yi na'urar don ta tsaya a kowane hali ba.

Daga ƙarshe ka zo da mai kwamfutarka, ba na dillali ba, ya jona ya duba ko akwai lambar matsala a ɓangaren rada da kyamara da birki. In dillali ya hana a jona, ka bar masa motarsa. In kuma an duba an ga radar ce babu ko saiti ne ya rage, ba lallai ka fasa ba, amma ka sa a yi maka lissafin kuɗin rada da tambari na asali da na saiti, a cire shi daga farashin kafin ka biya, kuma motar ta wuce wajen mai saiti kai tsaye kafin ka ɗauki iyali a ciki.